Yadda Ake Sarrafa Lanƙwasa da Juyin Madubi a Manhajar Zanen Yanka

Telan da ya saba da alli da rula mai lanƙwasa, hannunsa ne ke zana masa wuyan riga. Ya ɗora rular, ya ɗan karkata ta, ya ja layi, ido ya ce ya yi. Ranar da ya koma kan kwamfuta sai ya tarar miƙaƙƙen layi ba ya ba shi wahala ko kaɗan: ɗigo nan, ɗigo can, santimita kaza, an wuce wurin. Inda gizo ke saƙar shi ne wuya, da zagayen hammata, da kan hannun riga, da hantsar wando. A waɗannan wurare ne riga ke zama a jiki ko ta ƙi zama. Kuma da yake rabin riga muke zanawa mu bar wa madubi, wato kayan manhajar da ke juya zane ya fitar da kishiyarsa, ɗaya rabin, duk kuskuren da aka bari a lanƙwasa sai ya fito sau biyu, suna kallon juna a tsakiyar ƙirji.

Zan yi bayanin ne da tsarin Seamly2D da Valentina, manhajojin zanen yanka guda biyu da tushensu ɗaya ne: an fara Valentina a 2013, a 2017 aikin ya rabu gida biyu, ɗaya ya ci gaba da sunan, ɗayan ya zama Seamly2D. Amma wanda ke aiki da Inkscape, ko Adobe Illustrator, ko CLO, ko manyan manhajojin masana'anta irin su Optitex, zai ga lissafin ɗaya ne, wurin maɓallan ne kawai ya bambanta.

Fara sanin abin da ke riƙe da lanƙwasar

Kusan duk lanƙwasar da za ka ja a waɗannan manhajoji irin wadda ake kira ta Bézier ce. Sunan wani injiniya ne, Pierre Bézier, da ya yi aiki a kamfanin motoci na Renault a Faransa, ya kuma yaɗa wannan hanya a shekarun 1960 wajen zana jikin mota. Wani masanin lissafi, Paul de Casteljau, ya riga shi gano ta a 1959 a kamfanin Citroën. Abin da ya fitar da ƙugun mota shi ne yau ke fitar mana da wuyan riga.

Ɗigo huɗu ne ke riƙe da ita. Biyu su ne farko da ƙarshe, layin yana taɓa su. Sauran biyun ba ya taɓa su, jan sa kawai suke yi. Daga kowane baki akwai ɗan siririn layi da ya miƙe zuwa ɗigon da ke ja, shi nake kira mariƙi. Kowane mariƙi yana da abu biyu: kusurwa da tsawo. Kusurwar ita ke faɗa wa lanƙwasar ta wace fuska za ta bar ɗigon. Tsawon kuma shi ke faɗa mata tsawon lokacin da za ta bi wannan fuska kafin ta juya. Gajeren mariƙi yana sa layi ya karya kwana da wuri, dogo yana sa ya yi ciki.

Akwai wani hali nata da ke da amfani a riƙe: lanƙwasar ba ta taɓa fita daga cikin shingen da ɗigon nan huɗu suka kewaye. Idan ka ga wuyanka ya zarce inda kake so, kar ka tsaya zargin manhajar, duba inda ka ajiye mariƙan.

Sai yadda ake ƙirga kusurwa. A Seamly2D da Valentina digiri 0 yana kallon dama, 90 sama, 180 hagu, 270 ƙasa. Wato ƙirgan yana tafiya saɓanin hannun agogo. Rubuta wannan a takarda ka manna kusa da allon har ya zauna maka.

Mataki na farko: kafa ƙashi kafin ka sa tsoka

Kar ka ja lanƙwasa a sarari. Fara da miƙaƙƙun layukan da za su zama mata akwati. Mu ɗauki wuyan gaba na riga. Ja layin tsakiyar gaba a tsaye ta gefen hagu, jikin rigar ya bazu zuwa dama. Sa ɗigon A a samansa, daidai da tsayin inda kafaɗa ta haɗu da wuya. Daga A, auna santimita 7 zuwa dama a digiri 0, ka sa B. Wannan shi ne faɗin rabin wuya. Daga A kuma sauka santimita 8 a digiri 270, ka sa C, zurfin wuya ke nan. Daga B ja layin kafaɗa zuwa D, yana gangarawa da kamar digiri 20, wato a kusurwa 340. Waɗannan lambobi na misali ne. A aikin gaske daga fayil ɗin awon mai rigar za su fito, wanda ake shiryawa a SeamlyMe ko Tape, wato manhajojin rubuta awo da ke zuwa tare da Seamly2D da Valentina.

Mataki na biyu: ja lanƙwasar, sannan ka cire hannunka daga maus

Zaɓi kayan jan lanƙwasa mai sauƙi, danna C, danna B. Layin da zai fito ba zai yi kyau ba, kuma ba komai. A nan ne mafi yawan masu koyo ke kama mariƙi da maus su yi ta ja har ido ya gamsu. Ga mutum ɗaya zai yi. Amma ranar da ka loda awon wani mai faɗin wuya, ɗigon B zai matsa, mariƙin kuwa yana nan da tsohon tsawonsa, sai wuyan ya fito a tauye ko ya yi kumburi. Amfanin irin wannan manhaja gaba ɗaya shi ne zane ɗaya ya yi wa jiki da yawa, kuma jan mariƙi da ido yana zubar da wannan amfani.

Saboda haka buɗe akwatin bayanin lanƙwasar ka rubuta lambobin da kanka. A ɗigon C, kusurwar mariƙi ta zama 0 cif. Tsawonsa kuma kar ka rubuta lamba tsagwaronta, rubuta fomula: Line_A_B * 0.55, wato tsawon layin A zuwa B sau 0.55. A ɗigon B, fara da kusurwa 270, tsawo Line_A_C * 0.55. Da awon misalinmu, na farko zai ba da santimita 3.85, na biyu 4.4.

Daga ina 0.55 ta fito? Idan ana son lanƙwasar Bézier ta kwaikwayi rubu'in da'ira, tsawon kowane mariƙi yakan zama kusan 0.5523 na nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta. Wuyan zagaye ɗan'uwan rubu'in da'ira ne da aka ɗan ja, shi ya sa lambar ke zama masa. Idan kana son wuya mai faɗin ƙasa kamar harafin U, ɗaga ta zuwa 0.7. Idan ka rage ta zuwa 0.4, wuyan zai fara miƙewa yana neman zama mai tsini. Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce 1, domin daga nan mariƙan biyu sun wuce mahaɗarsu, layin zai fara yin ƙusumbi. Ga lanƙwasar da ba ta kai rubu'in da'ira ba, kamar gefen siket daga ƙugu zuwa kwankwaso, fara da sulusin nisan da ke tsakanin ɗigon biyu a kowane mariƙi, sai ka gyara daga nan.

Mataki na uku: bakin lanƙwasa, inda komai ke ɓaci ko ya gyaru

A nan zan ɗan daɗe, domin ni kaina na taɓa shan wannan kashi. Na zana wuyan wata riga, a allo ya yi sumul, na buga, na ninka yadi, na yanka. Da na buɗe ninkin sai ga ɗan tsini a tsakiyar wuyan, kamar an ɗan ciji wurin. Da na koma na duba, mariƙin C yana kan digiri 5 maimakon 0. A rabin zane ido ba ya ganin digiri 5. Amma da aka buɗe, biyar ta dama ta haɗu da biyar ta hagu, karyewar ta zama digiri 10 a wurin da idon kowa ke fara sauka. Yadin ya riga ya yanku, sai dai na ƙara zurfin wuyan don in ɓatar da shi, mai rigar kuwa ba haka ta so ba. Har yau abin yana damuna.

Ƙa'idar ita ce: duk lanƙwasar da ta zo ta taɓa layin ninki, dole ta same shi a kusurwa 90 daidai, sai fa in da gangan kake son tsini, kamar wuya mai siffar V. Wannan ya shafi wuyan gaba, da wuyan baya, da layin ƙugu, da ƙasan riga ko siket. Kuma ya fi kyau lanƙwasar ta ɗan miƙe na santimita ɗaya ko biyu kafin ta fara hawa, wanda isasshen tsawon mariƙi ke bayarwa.

A wurin da gaba da baya ke haɗuwa da ɗinki, kamar kafaɗa da gefe, abin da ake buƙata shi ne kusurwar gaba da ta baya su haɗu su ba da 180. Hanya mafi sauƙi ita ce kowace ta zama 90. To, kafaɗarmu a karkace take, saboda haka 270 ɗin da muka sa a B na wucin gadi ne. Mayar da ita fomula: AngleLine_B_D - 90, wato kusurwar layin kafaɗa a cire mata 90. Kafaɗa tana kan 340, mariƙin zai koma 250, yana kallon ƙasa da ɗan hagu. Gobe idan mai rigar kafaɗarsa ta fi gangara, wuyan zai bi ta da kansa. Yi haka nan a zagayen hammata: 90 da layin kafaɗa a sama, 90 da layin gefe a ƙasa.

Kar ka yarda da lissafi kaɗai. Yi amfani da kayan juyawa da na matsarwa ka kawo kwafin baya ka jingina shi da gaba a kan layin kafaɗa, kamar an riga an ɗinke. Ƙara girman allon sosai ka bi wuyan da ido daga tsakiyar gaba har tsakiyar baya. In akwai gargada a mahaɗar, yanzu ne lokacin gani.

Mataki na huɗu: doguwar lanƙwasa mai juyi, kamar kan hannu

Kan hannun riga yana lotsawa a ƙasa kusa da hammata, ya kumbura a sama, ya sake gangarowa. Lanƙwasa mai mariƙi biyu ba za ta iya wannan ba, sai a ɗauki kayan jan hanya mai lanƙwasa, wadda ke bi ta ɗigo da yawa. Kowane ɗigon tsakiya yana da mariƙi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma dole su kasance a kan layi ɗaya, wato bambancin kusurwarsu 180. A ƙololuwar hannun, ɗaya 0 ɗaya 180.

Shawarata a nan: rage ɗigo. Mai koyo yana ganin yawan ɗigo shi ne iko, alhali kowane ƙarin ɗigo wata ƙofa ce ta gargada. Biyar sun isa kan hannu: hammatar gaba, inda lanƙwasar ke juyawa a gaba, ƙololuwa, inda take juyawa a baya, hammatar baya.

Daga nan sai awo. Manhajar tana ajiye tsawon kowace lanƙwasa, za ka same shi a jerin ma'aunai da suna irin Spl_C_B, ko SplPath idan hanya ce mai ɗigo da yawa. Haɗa tsawon hammatar gaba da ta baya, ka gwada da tsawon kan hannu. A yadin saƙa da ba ya talewa, kan hannu yakan ɗara hammata: kamar santimita 1 zuwa 2 a riga mara nauyi, 3 zuwa 5 a kwat ɗin ulu, domin ulu yana shanye rarar idan aka yi masa guga da tururi. A yadi mai talewa kusan ba a barin komai. Kuma a kan layin ɗinki ake wannan awo, ba a kan layin yanka ba. A lanƙwasa mai lotsawa layin yanka ya fi na ɗinki gajarta, a mai kumburi ya fi shi tsawo, wanda ya auna a can zai ruɗe.

Mataki na biyar: madubi

Sai bayan rabin ya gama zama ake kawo madubi. Iri biyu ne. Akwai juyi a kan layi, inda kake nuna ɗigo biyu su zama layin madubin, ko a tsaye yake ko a karkace. Akwai kuma juyi a kan ginshiƙi, inda kake nuna ɗigo ɗaya ka ce a tsaye ko a kwance. Ga tsakiyar gaba na fi son na farko, da A da C ko ɗigon ƙasan riga, domin in wata rana aka karkatar da layin tsakiya, madubin zai bi shi.

Ɗauki kayan, riƙe Ctrl ka danna duk ɗigo da lanƙwasar da kake son juyawa, danna Enter, sannan ka nuna layin. Kar ka haɗa da ɗigon da ke zaune a kan layin madubin kansa, irin C, domin za ka samu ɗigo biyu ɗaya kan ɗaya, daga baya ka rasa wanne ka danna. Manhajar za ta liƙa wa sababbin ɗigon wani ɗan ƙari a ƙarshen suna. Sauya shi zuwa abin da za ka gane, misali _m, yadda B zai haifi B_m.

Madubi ba ya taɓa tsawon mariƙi, kusurwa kawai yake juyawa. In layin madubin a tsaye yake, sabuwar kusurwa ita ce 180 a cire tsohuwar: 0 ta zama 180, 250 kuma ta zama 290. In a kwance yake, 360 a cire tsohuwar. Sanin wannan yana taimakawa ranar da kake son tabbatar da abin da manhajar ta yi, ko kake son gina ɓangaren da hannu.

Ɓangaren da madubi ya haifa ɗa ne, na asalin shi ne uwa. Ba a gyara ɗan, uwar ake gyarawa ɗan ya bi. Haka kuma manhajar tana bin tarihin zanen daki-daki: fomula ba ta iya amfani da abin da aka ƙirƙira bayanta, kuma ɗigon da wani abu ya dogara da shi ba ya goguwa. Shi ya sa gaggawar juya rabi kafin a gama shi ke jawo wahala. Duk sabuwar lanƙwasar da ka ƙara bayan juyin, sai ka sake juya ta daban.

Lokacin haɗa cikakken yanki, ana bin gefensa ne ta hanyar hannun agogo. Lanƙwasar da aka juya tana tafiya a baibai, saboda haka riƙe Shift yayin danna ta, ko ka juya alƙiblarta a jerin abubuwan yankin. Alamar an manta wannan ba ta ɓuya: za ka ga wani layi ya ratsa yankin a gicciye kamar an ɗaure shi.

In kuma rabin za ka buga a yanka a kan ninki, ba ka buƙatar madubi sam. Mayar da rarar ɗinkin layin tsakiya zuwa 0, ka rubuta a jikinsa cewa nan ne ninki. Wanda ya bar santimita 1 a wurin ya ƙara wa rigar santimita 2 a faɗi, wuyan ma ya buɗe da haka.

Abin da ba a kai wa madubi

Hagu da dama ne ke kama da juna, gaba da baya ba sa kama. Kar ka zana rabin hannun riga ka juya shi ya zama ɗaya rabin. Hannun mutum gaba yake miƙawa, don haka kan hannu ta gaba ya fi lotsawa, ta baya ya fi cika. Hammatar gaba ta fi ta baya ƙwaƙulewa. Wuyan baya bai kai na gaba zurfi ba, sau da yawa santimita 2 zuwa 3 ne kacal. Hantsar wando ta baya ta fi ta gaba tsawo nesa ba kusa ba. Sa alamar haɗi ɗaya a gaba, biyu a baya, kamar yadda aka saba, don kada hannun dama ya tafi hagu a kan keke.

Haka jikin da ɓangarorinsa suka bambanta a fili, kamar mai kafaɗa ɗaya a sauke ko mai karkataccen baya. Irin wannan, juya ƙashin zanen kawai, sannan ka ja lanƙwasar kowane ɓangare da awonsa.

Sai batun yadi. Idan yanki a karkace za a yanka shi, a digiri 45 da tsayin zare, madubi zai juya karkatar, kuma haka ake so don ɓangarorin biyu su zuba iri ɗaya. Amma riga mai rufi ɗaya kan ɗaya, ko yadi mai fuska da baya da za a shimfiɗa falle ɗaya, dole a hana manhajar kifa yankin yayin da take jera yankuna don tattalin yadi. A bayanin kowane yanki akwai wurin da ake hana kifawa, sa masa alama. In ba haka ba za ka iya tashi da gaban dama guda biyu.

Madubi a ƙasan hannu da ƙafar wando

Wannan ƙaramin aiki ne da mutane da yawa ba su san madubi na yi ba. Hannu ko ƙafar wando da ke tsukewa zuwa ƙasa, in ka bar rarar kalmasa ta ci gaba da tsukewa, ranar da ka naɗe ta sama ba za ta kai faɗin wurin da za ta kwanta ba, sai ɗinkin ya tattare. Maganin shi ne ka mai da layin kalmasar madubi. In kalmasar santimita 3 ce, sa ɗigo a kan layin gefe santimita 3 sama da bakin, a ɓangarorin biyu, ka juya su zuwa ƙasa a kan layin bakin. Rarar za ta fito da ɗan buɗewa kamar fikafikai, in aka naɗe ta kuma ta kwanta daidai. A bayanin rarar ɗinki ma akwai zaɓin da ke daidaita kwana da gefen farko ko na biyu ta hanyar madubi, yana yin wannan aiki ba tare da ƙarin ɗigo ba.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, sa murabba'i mai santimita 10 a kowane gefe cikin zanen, ka buga a kashi 100, ka kashe zaɓin da ke matse shafi ya cika takarda. Auna murabba'in da rula. Duba kuma cewa firintar ba ta kan bugun madubi, wanda wasu ke da shi don takardar manna hoto a riga: in rubutun jikin yankin ya fito a baibai, to an kifa maka komai. Sannan ninka takardar wuyan a kan layin tsakiya, yanke ta, buɗe, ka ɗaga ta ka duba tsakiyar. In akwai tsini ko lotsawa, koma ɗigon C ka duba kusurwar mariƙinsa.